Daga Mangalar Taki Zuwa Awon Igiya: Yadda Kano Ta Cinye Ƙauyukanta



Bayan girbin bara wani ƙanina, malamin makaranta a cikin gari, ya matsa mini lallai sai na raka shi ya ga wani fili da ake son sayar masa a hanyar Gwarzo, can gaba da Janguza. Ya gaji da haya. Shekara takwas yana zaune a ciki da falo, kuma duk shekara sai mai gida ya yi ƙari. Muka bar kwalta muka hau burji, daga baya muka jingine babur muka taka da ƙafa. Inda aka kai mu gona ce sosai, ko kunyoyin ba su baje ba, ga tushiyar dawa tana sukar ƙafa. Dillali ya nuna mana turaku huɗu, ya ce daga nan zuwa can, ƙafa 50 tsawo, 50 faɗi. Ya ƙara da cewa, "Malam, nan da shekara biyar wurin nan ya zama gari."

Mai gonar, wani dattijo, yana zaune a gindin ɗorawa yana kallonmu. Da muka gaisa ya tambayi unguwarmu, muka faɗa masa. Sai ya yi dariya ya ce, "Ai na san ta, samari. Ina yaro can muke kai icce a kan jaki, mu ɗebo jujinku mu zuba a nan inda kuke tsaye."

Na daɗe ina juya maganganun nan biyu. Mun saba ɗaukar zancen dillali a matsayin daɗin baki, amma a wannan karon tarihi yana bayansa. Wurin zai zama gari, kamar yadda gomman wurare irinsa suka zama. Abin da bai faɗa ba shi ne wane irin gari, kuma da gumin wa.

A da can, ƙauye a cikin birnin yake. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, wasu sarakunan bayansa suka ƙara. Amma ba gidaje kaɗai ganuwar ta kewaye ba. Baturen Birtaniya Clapperton da ya zo a 1824, da Bajamushe Barth da ya zo a 1851, duk sun yi mamakin yadda gonaki da filaye suka fi gidaje cin wuri a cikin badala. Da gangan aka yi hakan. In yaƙi ya taso mutanen karkara su shigo da dabbobinsu, a rufe ƙofa, kuma a sami inda za a noma abin da za a ci. Ke nan mutumin Kano na wancan zamani yana iya fita daga gida ya je gona ya dawo bai ƙetare ƙofar gari ba.

A bayan ganuwa kuwa akwai gandayen sarki da na masu sarauta da attajirai, kuma kada mu ɓoye, bayi ne suke noma da yawa daga cikinsu. Fanisau, a arewa da birni, Sarki Ibrahim Dabo ne ya mai da ita ribaɗi lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, kuma can Clapperton ya je ya same shi. Ɗorayi ma akwai gandu da gidan sarki. Shi ya sa har gobe a cikin hawan salla akwai Hawan Fanisau da Hawan Ɗorayi. Asalinsu fita ce daga birni zuwa ƙauye. Yau mai son kallon Hawan Ɗorayi a kan kwalta zai tsaya, tsakanin shaguna da gidajen bulo.

Wanda yake son sanin iyakar abin da Kano ta haɗiye, ba sai ya nemi taswira ba, ya saurari sunayen unguwanni kawai. Ɗorayi jam'in ɗorawa ne. Giginyu jam'in giginya. Ga Kurna, ga Kawo, ga Rimin Gata da Rimin Kebe, ga Tsamiyar Boka. Ga Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki. Ga Gandun Albasa da Sabuwar Gandu. Itatuwa ne da rijiyoyi da gonaki, wato alamomin da matafiyi yake kwatance da su a inda babu gini. Mil Tara kuwa, a hanyar Katsina, sunanta ma lissafin nisa ne daga gari. Kwandasta yana kiran sunayen nan sau ɗari a wuni bai taɓa tunanin jerin bishiyoyin da aka sare yake karantowa ba.

Mu dawo kan jakin dattijo. A shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, shi da abokin aikinsa suka fitar da rahoto a 1965. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ƙasa take ɗaukar mutane masu yawa haka, ana noma ta kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Amsar tana kan bayan jaki. Da rani ƙauyawa su shigo gari da icce da kara da harawa, su fita da mangala cike da taki: toka, kashin awaki da na dawaki, sharar gida. Dattin birni shi ne abincin gonar ƙauye, itacen ƙauye shi ne wutar murhun birni. Bishiyar da ke cikin gona ma tana da mai ita, ana sassabe reshenta a bar gindin. Saboda haka zirga-zirgar safe da yamma tsakanin Kano da ƙauyukanta ba sabon abu ba ne. Da baƙauye ne yake sammako da kaya ya koma gidansa da yamma. Yanzu ɗan birni ne yake sammako daga ƙauyen, ba ya ɗauke da komai sai jikinsa, ba ya kuma komawa da komai da gona za ta amfana.

A cikin duk ƙauyukan nan, Ɗorayi ce aka fi rubuta labarinta dalla-dalla, albarkacin wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a can a 1971 da 1972, littafinta ya fito a 1977. Kafin nan ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, wadda ita ma yau gari ya riske ta, har jami'ar jiha tana yankinta. Ɗorayin da Polly Hill ta gani ba gari ba ce mai kan titi da tsakiya. Gidaje ne a warwatse cikin gonaki, kowane gida gonarsa a bakin ƙofarsa. Wasu gidajen manya ne ƙwarai, 'yan uwa da 'ya'yansu da jikoki a ƙofa ɗaya, har akwai wanda mutanensa suka kai ɗari. Ta kuma ga abin da masu yabon zamanin da ba sa son ji: talauci. Mutane sun yi wa ƙasar yawa, gado ya yayyanka gonaki, magidanta da yawa abin da suke nomawa ba ya kai su ko rabin shekara, sai an haɗa da ƙodago da 'yan sana'o'i. Kuma tun a lokacin ana sayar da gona ana saye, ana jinginarwa. Mai ƙarfi yana ƙara faɗi, mara ƙarfi yana sakin nasa.

Na tsaya a kan wannan ne saboda mun cika ba da labarin kamar ƙauye yana zaune cikin wadata sai ga mugun ɗan birni da jakar kuɗi. Ba haka ba ne. Kafin mai sayen fuloti ya iso, gonar ta riga ta ƙanƙance. Mutumin da ya gaji abin da bai fi a noma dami goma ba, kuma yana da 'ya'ya tara, in aka zo aka ba shi kuɗin da noman shekara ashirin ba zai ba shi ba, ba wauta ce ta sa ya karɓa ba. Yau Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama suna cikin unguwannin Kano mafi cunkoso, kuma da yawa daga waɗanda aka haifa a can ba su taɓa ganin an kafa dami a ƙofar gida ba. Tsakanin wancan hoton da wannan, shekara hamsin ce kacal.

Yaya aka yi? Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, Nasarawa da Bompai suka zama mazaunin Turawa da ofisoshinsu. Gari ya fara girma a wajen ganuwa. Turawan ne kuma suka kawo auna gona da taku domin yanka haraji, malaman taki suna zagayawa suna rubuta faɗin gonar kowa. Wannan takin na ƙafa ne, ba na mangala ba, amma ina ganin daga ranar ne gona ta fara zama lamba a takarda. A 1910 suka yi doka da ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. Duk da haka ƙauyawa ba su ji a jikinsu sosai ba, domin a aikace dagaci da mai unguwa da alƙali su ne suka san iyakar kowa.

Guguwar ta taso ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Sabuwar jiha tana buƙatar ma'aikata, ma'aikata suna buƙatar gidaje. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1970, ƙaramin ma'aikaci ya sayi babur, nisan da yake gagarar mai ƙafa ya zama tafiyar minti ashirin. Masana'antu suka tashi a Sharaɗa da Calawa, suka ja mutane zuwa Ja'en da Fanshekara. Jami'ar Bayero ta samu cikakken matsayi a 1977, daga baya ta buɗe sabon mazauni a hanyar Gwarzo, sai Rijiyar Zaki da Rimin Gata suka farka. An yi wa birnin babban tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, amma mutane sun fi tsarin sauri. A ƙidayar 1952 mutanen Kano kimanin dubu 130 ne. A ta 2006, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun kai kimanin miliyan 2.8. Ungogo kaɗai, wadda da ƙasar ƙauyuka ce, ta haura dubu 350, Kumbotso kuma ta kusa dubu 300.

Sai dokar amfani da ƙasa ta watan Maris 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, wadda har yau ita ce take aiki, an ma ɗaure ta a cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an sha wuya. Duk mai shirin sayen fili ya kamata ya san abu huɗu a cikinta. Ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Shi yake ayyana inda ya zama birni, kuma a nan shi yake ba da takardar shaidar mallaka, a ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da izinin riƙo na gargajiya. Yana iya karɓe ƙasa don amfanin jama'a, kuma diyyar da zai biya ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka ko bishiya, ba ta ƙasar kanta ba. Na huɗun shi ne wanda kusan ba wanda ya sani: gonar ƙauye da mutum yake riƙe da ita tun kafin dokar, dokar ba ta yarda ya yayyanka ta fuloti-fuloti ya sayar ba.

To ku duba abin da wannan ya haifar. Manomi ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa: safiyo ya zo, an kafa duwatsu, an ƙirga masa ɗorawa biyu da mangwaro ɗaya an biya shi, sannan filayen da aka yanka a gonar ubansa sun faɗa hannun mutanen da bai taɓa gani ba, su kuma sun sayar da ninkin ba ninkin. Shi ke nan ya koyi darasi. Da ya ji ƙishin-ƙishin awon gwamnati yana matsowa, sai ya riga ta. Ya kira dillali, a kawo igiya, a yanka, a sayar kafin wata ya mutu, masu saye su yi maza su zuba bulo, domin sun san rushe gida ɗari ya fi ƙwace gona ɗaya wuya. Wannan shi ne awon igiya. Ana yawan zaginsa a rediyo kamar rashin wayewar talaka ne ya kawo shi. A ganina dabara ce ta mutumin da doka ta ce ƙasarsa ba ta da kuɗi a hannunsa, alhali yana ganin kuɗinta a hannun wani.

Sai dai dabarar tana da farashi, kuma mai saye ne yake biya daga baya. A idon mai yanka, duk taku ɗaya da aka bar wa hanya asara ce, shi ya sa lungu yake fitowa yadda mota biyu ba za su gifta ba, wani ma ko makara da ƙyar. Ba a ware wurin makaranta, ba a ware na asibiti ko maƙabarta, ba a san inda ruwan sama zai bi ba sai ranar da ya bi ta ɗakin wani. Takardar ciniki kuwa sau da yawa rubutun hannu ce, da shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci. Tana da ƙarfi a tsakanin jama'a, ba ta da shi a banki. Rigimar da ta fi yawa ma ba da gwamnati ake yin ta ba, da magada ake yi. Babban wa ya sayar, bayan shekara shida ƙanwarsa da ke aure a wani gari ta ji labari, ta ce da rabonta a ciki, kuma gaskiyarta ce. Ko fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, kowa da takardarsa, su haɗu ranar haƙa harsashi.

Ita gwamnati ta gwada gina nata. An yi Kundila, an yi gidajen Shagari, sannan tsakanin 2011 da 2015 aka yi Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya da Bandirawo a hanyar Katsina, da tituna masu faɗi da magudanan ruwa. Kyau kam sun yi, amma kuɗinsu ba na malamin firamare ba ne. Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci dominsa. Rancen yana neman takardar gwamna, wadda filin awon igiya ba shi da ita, ga kuma ƙyamar riba da ke hana mutane da yawa ko tambaya. Don haka gidan bakin gari da adashi ake gina shi. Bana katanga, baɗi ɗaki ɗaya da banɗaki, a rufa kwano, a tare ba filasta, labule a madadin ƙofa. Unguwa guda sai ka gan ta kamar kango, amma kowane kango da hayaƙin girki.

Zaman kansa fa? Wanda ya tare a irin wuraren nan yakan ce ya huta, kuma akwai gaskiya a ciki. Iska, sarari, ba mai buga maka ƙofa ƙarshen wata, ga nono da ƙwai da rake a bakin hanya. Amma ya sayar da haya ne ya sayi hanya. Ya fita bayan Asuba, ya dawo bayan Isha, yaransa suna ganinsa ne ranar da ba aiki. Ruwa sai na 'yan garuwa ko na wanda Allah ya hore wa ya haƙa burtsatse. Wuta sai an yi karo-karo an sayi turaku da waya, in taransifoma ta ƙone a sake zama a ƙofar masallaci. In naƙuda ta zo da tsakar dare a watan Agusta, a nan ake sanin nisan gari na gaskiya. Lokacin da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, 'yan bakin gari ne suka fi ji, domin a daidaita sahu ba ta son barin kwalta, balle da damina. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Na san waɗanda suka koma kwana a shago ko gidan iyayensu a cikin gari, sai ƙarshen mako su je gidan da suka gina da guminsu kamar baƙi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato zaman 'yan gari da baƙi. Baƙon yana kwana ne kawai a ƙauyen. Katin zaɓensa na tsohuwar unguwarsa ne, sallar idi can yake zuwa, ɗaurin aure can, wani ko rasuwa aka yi masa can yake kai gawa. Yana kiran maƙwabtansa ƙauyawa, su kuma suna kiransa 'yan birni, kowa da abin da yake nufi. Shi yana ƙorafin awakinsu sun cinye masa shuka, su suna ƙorafin katangarsa ta toshe burtalin da shanu suke bi tun kaka da kakanni. A hankali baƙi su fi yawa, su gina masallacinsu, su buɗe makarantar kuɗi. Kuɗin gonar kuwa, wani ya yi dabara ya sayi wata gonar a can gaba inda take da araha, wani ya sauke farali, ya aurar da 'ya'ya, ya sayi babur, shekara uku babu ko sisi. Ba abin mamaki ba ne ka ga saurayi yana kwaɓa siminti ko gadi a gidan da aka gina inda ubansa yake shuka gero.

Ƙanina dai ya sayi filin. Abu ɗaya na dage a kai: duk wanda yake da gado a gonar sai ya sa hannu, har 'yan uwan dattijon mata biyu da suke aure a wasu garuruwa. Dillali ya ɓata rai, ya ce muna ja wa ciniki rai, aka ɗauki sati uku kafin a haɗa su. Ɗayarsu ma a ranar ta fara jin cewa ana yanka gonar.

Kuɗin gini bai samu ba tukuna. Da damina ta faɗi, dattijon ya aiko a tambaye shi ko zai bari ya ɗan yafa wake a wurin, tunda ba yanzu zai gina ba. Ya ce a shuka, ko banza an sami mai duba masa turaku. Watan jiya muka koma, dattijo ya auno masa kwano biyu na waken a buhun siminti. Fili na uku daga nasa an riga an kai linta, wata mata tana shanya a kan igiya, an kuma sare ɗorawar.